Inuwar Masallacin Madina: Tarihin Rufin da A Ke Buɗewa A Ke Rufewa

Abin da a ke nema ga gini tun asali shi ne ya tsaya inda aka kafa shi. Ba abin da ya fi faranta ran magini kamar a ce masa shekara hamsin ke nan soron da ya ɗora bai goce ba ko da taƙi ɗaya. Amma akwai wani jinsi na gine-gine wanda da gangan a ke yin wani sashi nasa yana motsi: rufi ya janye gefe ɗaya a ga sararin sama, ko ya naɗe kamar tabarma, ko ɗaki ya riƙa juyawa yana bin rana. Galibin abin da aka rubuta a kan wannan fanni ya tsaya ne ga filayen wasa na Turai da Amurka. Wannan takarda kuwa ta ɗauki Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a birnin Madina, domin rufinsa mai motsi yana cikin mafi faɗi a duniya, kuma a kan iya bin sawun al'amarin a baya har fiye da shekara dubu da ɗari biyu.

Ya kamata a fara da abin da ya kawo bukatar. A Madina zafin bazara ya kan wuce digiri 40 kusan kullum, sa'an nan lokacin sanyi dare ya kan yi ɗari ƙwarai. A ƙasa irin wannan, fili marar rufi a tsakiyar gini yana da aiki babba. Da dare zafin da daɓe da bango suka sha tun safe ya kan tashi ya bi sararin sama, iska mai sanyi ta sauko ta kwanta cikin filin, ta shiga ɗakuna. Duk wanda ya taɓa fitar da tabarma tsakar gida cikin watan Afrilu ya san wannan ba sai an karanta masa ba. To, amma filin nan da ya ke rahama da dare, shi ne azaba da azahar. In an rufe shi an sami inuwa, an toshe hanyar da zafi ke fita. In an bar shi a buɗe, masu salla su ƙone. Tarihin da za a bayar nan tarihi ne na neman yadda za a sami duka biyu.

Masallacin da aka gina cikin shekarar Hijira, watau 622 Miladiyya, fili ne da aka kewaye da bangon tubali. Ta gefen alƙibla aka kafa kututturan dabino aka shimfiɗa rassansa a bisa, aka sami rumfa. Akwai kuma wata rumfa, Suffa, inda matalautan Sahabbai ke zama. Saura duk a buɗe ya ke. Littattafan hadisi sun nuna yadda zaman ya kasance: an ruwaito ruwan sama ya zubo ta rufin har aka yi sujada cikin ruwa da laka, an ruwaito mutum kan shimfiɗa gefen tufarsa ya ɗora goshi saboda zafin ƙasa, an kuma ruwaito umurnin jinkirta azahar in zafi ya tsananta har rana ta sassauta. Watau a farkon al'amari lokacin salla a ke matsarwa, rufi yana nan inda ya ke.

Sayyidina Umar ya faɗaɗa masallacin a shekara ta 17 bayan Hijira, Sayyidina Usman ya sāke shi da dutse a ta 29. Sa'an nan Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sa gwamnansa, Umar ɗan Abdul'aziz, ya rushe ya gina sabo tsakanin 88 da 91 bayan Hijira (707 zuwa 710). Daga wannan gini ne masallacin ya sami siffar da ya daɗe a kanta: rumfuna masu ginshiƙai ta fuska huɗu, fili a tsakiya an baza masa tsakuwa. Saboda tsakuwar nan ne har yanzu mutanen Madina ke kiran filin Haswa. Ran Juma'a rumfuna ba su ɗaukar jama'a, dole wasu su zauna cikin filin, rana tana tsaka.

A nan ne labari mafi muhimmanci ya shigo, wanda bai cika bayyana cikin rubuce-rubucen masana gini ba. Ibn Zabala, wanda ya rubuta tarihin Madina wajen shekara ta 199 bayan Hijira, shi ne asalinsa, marubutan baya kuma suka ɗauko daga gare shi, cikinsu har da Samhudi mai littafin Wafa'ul Wafa, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira. Abin da suka kawo shi ne, Halifa Abu Ja'afar Mansur, na biyu cikin Abbasiyawa, ya yi umurni a rufe filin masallacin da labulaye, a ɗora su bisa dirkoki irin na tanti. Aka yi. Sai iska ta riƙa shiga ƙarƙashin labulayen tana cika su, dirkoki suna faɗowa kan mutane. Da aka ga haka sai aka sāke dabara: aka kawo labulaye masu kauri, aka aika Jidda aka kawo igiyoyin jirgin ruwa, irin waɗanda a ke tufkawa da zaren ɓawon kwakwa, aka saƙa su bisa filin kamar raga, labulaye suka hau kansu. Ran Juma'a a ke shimfiɗa su bisa jama'a. Haka aka yi ta yi har shekara ta 145 (762), sa'ad da Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda a ke wa laƙabi Nafsuz Zakiyya, ya yi wa Mansur tawaye a Madina. Ya sa aka yanka labulayen aka ɗinka wa mayaƙansa taguwoyi. Filin ya zauna ba inuwa har zamanin Haruna Rashid, wanda ya mai da su.

Mai karatu zai lura da abu biyu cikin wannan labari. Na ɗaya, rufin Mansur rufi ne mai motsi sosai, ana shimfiɗa shi lokacin bukata ana janyewa. Na biyu, abin da ya kayar da shi tun farko iska ce, maganin kuwa daga wajen masu jirgin ruwa ya fito, domin su ne mutanen da suka san halin yadi mai faɗi in iska ta cika shi. Rumawa sun riga sun bi wannan hanya. Babban filin kallo na birnin Rum, Kolosiyam, wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, yana da rumfar yadi da a ke ja da igiyoyi daga turaku 240 da aka jera bisa bangonsa, kuma sojojin ruwa daga sansanin Misenum, kusa da Napoli, su ke aikin ja da saki. A garin Pompei an tarar da sanarwar wasanni a jikin bango inda a ke yi wa 'yan kallo alkawarin za a shimfiɗa rumfa. Marubutan Rum kuma sun ambaci ranakun da iska ke hana a shimfiɗa ta. Wahala ɗaya ce ta kai mutanen Rum da na Madina ga ma'aikata iri ɗaya.

Ƙarnonin da suka biyo baya ba su ƙara wani abu mai yawa ga wannan fanni ba. Gobara ta ci masallacin a 654 bayan Hijira (1256), ta sāke ci a 886 (1481) bayan tsawa ta faɗa wa hasumiya, Sarkin Masar Ƙaitbai ya gina. Sarkin Turkawa Abdulmajid ya sāke shi da jan dutse a tsakiyar ƙarni na 19, ya rufe shi da ƙananan ƙubbobi masu yawa. Faɗaɗawar farko ta gidan Sa'ud, tsakanin 1951 da 1955, ta kai shi murabba'in mita 16,000 da 'yan kai, ta bar fili biyu a tsakiya maimakon ɗaya.

Jirgin sama ne ya dagula lissafi. Wajen 1950 alhazan da ke zuwa daga ƙasashen waje ba su wuce kamar 100,000 ba a shekara. A 1983 sun haura miliyan ɗaya. Nijeriya kaɗai ta aika fiye da 100,000 a 1977. Galibinsu kuwa sai sun ziyarci Madina. Daɗin daɗawa, tun da ya ke shekarar wata ta gaza ta rana da kamar kwana 11, aikin Hajji ya kan zagaya yanayin shekara cikin shekara 33, kuma cikin shekarun 1980 a tsakiyar bazarar Hijaz ya faɗo: ta 1985 cikin Agusta, ta 1990 farkon Yuli. Sarki Faisal ya sa an rushe gidaje yamma da masallaci a 1973 an kafa rumfuna na wucin gadi, Sarki Khalid ya ƙara wasu. Kowa ya san toshiya ce kafin a yi babban aiki.

Ilmin da aka yi babban aikin da shi daga Jamus ya fito. Frei Otto (1925 zuwa 2015) ya kafa cibiyar binciken gine-gine marasa nauyi a jami'ar Stuttgart a 1964. Abin da ya sa gaba shi ne yadda za a rufe wuri mai faɗi da yadi da waya, a ɗaure su tamau har su riƙe siffarsu. Shi da almajiransa sun yi nazarin rumfunan Rumawa da na tantunan Larabawa. A 1968 ya yi wa wani kangon majami'a a Bad Hersfeld, inda a ke wasan kwaikwayo, rufin yadi da a ke tattarawa a kan turke ɗaya in ba ruwa. A 1971 ya kafa manyan laimomi masu buɗewa da rufewa a wajen wani bajen-kolin lambuna a birnin Kolon. Cikin waɗanda suka yi aikin laimomin nan har da wani saurayi, Bodo Rasch, haifaffen Stuttgart a 1943. Rasch ya musulunta a 1974, ya ɗauki sunan Mahmud, ya shiga aikin Cibiyar Binciken Hajji da Sami Angawi ya kafa a jami'ar Sarki Abdul'aziz a 1975, ya rubuta kundin digirinsa a kan tantunan alhazai. Ya zama mutum ɗaya ya haɗa abu biyu da ba su cika haɗuwa ba: ya san lissafin yadi da iska, kuma yana da ikon shiga Harami ya ga wurin da idonsa.

Sarki Fahad ya ɗora harsashin babbar faɗaɗawa a 1984, aka kama aiki a 1985, aka gama a 1994. Muhammad Kamal Isma'il, Bamasare, shi ya zana ginin, kamfanin Bin Ladin ya yi kwangila. Sabon ginin ya kai murabba'in mita 82,000, an sa masa sanyi ta bututun ruwa da ke zuwa cikin rami daga wata tasha mai nisan kilomita 7, aka nisanta ta don kada ƙarar injuna ta dami masu salla. Gini mai faɗin haka in an rufe shi ruf sai ya zama kamar kogo, iska ta gurɓace, hasken rana ya ƙi kai tsakiya. Sai aka bar kafofi 27 a rufin, kowace mita 18 tsawo mita 18 faɗi, aka ɗora wa kowace ƙubba mai nauyin tan 80. Ƙubbar tana zaune bisa ƙafafun ƙarfe a kan dogo, kamar taragon jirgin ƙasa. In an ba ta wuta sai ta gangara gefe bisa soron, cikin minti ɗaya ko makamancin haka, kafar ta buɗe, iska mai zafi da numfashin jama'a su fice sama. Kamfanin Rasch ya yi su. Ƙashinsu ƙarfe ne, bayansu an lulluɓe shi da fale-falen tangaran, cikinsu kuwa sassaƙar itacen al'ul ce ta masassaƙan Maroko, da ado na ruwan zinariya. Wanda ya ɗaga kai daga ƙasa ba zai ga alamar inji ba. Ga al'adar magina, ƙubba ita ce sashin gini da ya fi kowane zama daram, nauyinta ne ke riƙe ta. Yin ta mai tafiya ya fi laima ban mamaki, ko da ya ke laimar ce ta fi suna.

Filayen nan biyu na tsohon sashi, watau Haswa, su ne wurin da Mansur ya sha wahala, kuma su aka ba laimomi 12 a 1992, shida cikin kowane. Kowace laima mita 17 ce da mita 18, tsayinta in ta buɗe kamar mita 14. Ba siffar laimar sarki gare su ba, wadda ke zubar da ruwa ta gefe. Kifaffiyar siffa ce kamar mazurari, bakin yana duban sama, ruwa ya gangara tsakiya ya bi cikin ginshiƙin. Yadin kuwa na zaren Teflon ne, abin nan da a ke shafe cikin kaskon suya da shi don kada abinci ya kama. Rana ba ta cin sa, ƙura ba ta zama a kansa sosai, kuma ya kan jure naɗewa da warwarewa kullum. Hannuwan laimar da ƙarfin matsin mai su ke buɗewa, kwamfuta ce ke ba da lokaci bisa ga matsayin rana da zafi da ƙarfin iska.

Tsarin lokacin shi ne zuciyar aikin. Da bazara a buɗe laimomi da safe su tare rana, a naɗe su da dare daɓe ya saki zafinsa. Lokacin sanyi a juya al'amarin: a bar su a naɗe da rana don dutse ya sha ɗumi, a buɗe da dare su tsare ɗumin kada ya gudu. Da haka filin ya sami inuwar ɗaki da azahar, ya kuma riƙe amfaninsa na fili da dare. In iska ta yi ƙarfi, na'urar da ke auna ta sai ta hana buɗewa ko ta sa a naɗe. Ba a ci iskar da ƙarfi ba, kauce mata aka koya.

Ana gane darajar wannan tsari in an gwada shi da tsararrakinsa. Filin wasannin Olimfik na Montiriyal a Kanada, wanda Roger Taillibert ya zana domin wasannin 1976, an shirya masa rufin yadi guda ɗaya tak, wanda za a riƙa ja sama zuwa wata karkatacciyar hasumiya. Ba a ɗora rufin ba sai 1987. Ba ya motsuwa in iska ta ɗan taso, ya yayyage ba sau ɗaya ba, aka daina buɗe shi tun farkon shekarun 1990, aka cire shi a 1998. A Paris kuma, Cibiyar Duniyar Larabawa da Jean Nouvel ya zana, wadda aka buɗe a 1987, an jera wa bangonta tagogi 240 masu dubban idanun ƙarfe da ke tsukewa da buɗewa bisa ga hasken rana. Sannu a hankali suka tsaya, suka shekara da shekaru a ƙage, sai a 2017 aka gyara su. Na Montiriyal ya tara dukkan haɗari cikin yadi ɗaya, in ya yage kome ya tsaya. Na Paris ya yawaita ƙananan gaɓoɓi, kuma aikinsu ya fi kusa da ado, ba wanda ke shan wahala in sun tsaya, saboda haka ba a yi gaggawar gyara ba. A Madina an raba rufin kashi-kashi, kowane kashi yana tsaye da ƙafarsa, duka iri ɗaya, in ɗaya ya lalace a gyara shi saura suna aiki. Sa'an nan bukatar ta kullum ce, laima ɗaya ta ƙi buɗewa da azahar ɗaruruwan mutane za su sani nan take. Ba za a ɓoye ba kuma cewa akwai baitulmalin da ke iya biyan ma'aikatan kula dare da rana, abin da ba kowane gari ke da shi ba.

Aiki mafi girma ya zo daga baya. Sarki Abdullahi ya yi umurni a rufe harabar da ke kewaye da masallacin, aka gama a 2010: laimomi 250, kowace mita 25 da rabi ta kowace fuska, inuwarsu gaba ɗaya murabba'in mita 143,000. An yi su tsayi biyu, wata ta ɗara wata kaɗan, domin gefunansu su hau kan juna ba tare da sun gogu ba, rana kuma kada ta sami tsaga. Buɗewa ta kan ɗauki kamar minti uku. In laima ta naɗe, wasu marafai su kan rufe yadin ruf, ta koma siririn ginshiƙi mai ado, har baƙo ya ɗauka fitila ce. An ɗaura wa ginshiƙan fankoki masu fesa raɓar ruwa. Kamfanin Liebherr na Jamus ya ƙera ƙarafan, yadin daga Suwizalan ya fito. Waɗannan ne laimomin da alhazai ke tsayawa kallo da hantsi.

Sai dai akwai tambayar da masanin tarihi ba zai tsallake ba: me ya sa harabar ta bukaci inuwa tun farko? Wurin nan da laimomi 250 ke tsaye, kafin shekarun 1970 da 1980 gari ne. Unguwannin tsohuwar Madina ne, har da unguwar Agawat, bayin Harami waɗanda yawancinsu 'yan Afirka ne, da kasuwanni, da gidajen dutse masu hawa uku da huɗu, tagoginsu na sassaƙaƙƙen katako sun turo kan hanya. Lungunan ƙunci gare su, gida yana yi wa gida inuwa, mutum ya iya tafiya daga ƙofarsa har masallaci rana ba ta cika taɓa shi ba. An rushe su domin a sami wurin sahu, aka shimfiɗa daɓen dutse mai faɗin murabba'in mita 235,000, wanda ya zauna fiye da shekara goma ba abin da ke tsakaninsa da rana. Laimomin sun mayar da inuwar da garin ke bayarwa kyauta, amma da wutar lantarki da injuna. Masu kare rusau suna da hujja mai ƙarfi, domin lungun da ya ishi alhazai 100,000 zai zama tarko ga miliyan biyu. Masu suka kuma suna da tasu, cewa ba a nemi hanyar da za ta bar ko da unguwa ɗaya a tsaye ba. Cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan wannan hasara har da Sami Angawi, mutumin da a cibiyarsa Rasch ya fara koyon sha'anin Hajji.